Jiran Katin Baɗi

Wani dare bayan sallar isha'i, ɗan yayata ya same ni a zaure riƙe da littafin rubutu irin wanda muke sa 'yan CM2 su saya. Na ɗauka lissafin bashin masu caji ne, domin tun da ya bar lakwal bayan BEPC rumfar cajin salula yake tsarewa a kusa da tashar Matameye. Da ya buɗe sai na ga layuka an ja su tsaf, kowane layi da lambarsa: 3060, 4060, 4070, 5070, 5090. A gefe farashi, a gefen farashi kuma wasu alƙaluma da shi kaɗai ya san kansu.

"Kawu, dubi nan," in ji shi. "Wanda zai fito nan gaba, an ce zai ninka wannan. Da zarar ya fito tsofaffin za su faɗi warwas, sai in saya da araha."

Na ce, "Wa ya ce?"

"Kowa ma faɗa yake a YouTube."

Na ce masa ai wannan maganar na taɓa jin ta daga bakinsa a wannan zauren. Ya yi dariya, amma ba har ciki ba, domin mu biyun mun san abin da wancan jiran ya ci.

Burin yaron shi ne ya buɗe gidan wasa. Ba irin na talabijin da PlayStation da ake da su a unguwanni ba, shi kwamfuta yake so, mai katin hoto, abin da shi da abokansa ke kira "kart girafik". Tun 2022 yake tari, daga kuɗin caji da ɗan abin da yake samu lokacin rake. Kamar yawancin mutanenmu na bakin iyaka, da naira ya yi ajiyar, tunda Kano za shi sayayya. Ya sha wuyar canjin takardun naira a farkon 2023, ya tsira da kuɗinsa. Zuwa watan azumin shekarar abin da ya tara ya isa tsohuwar kwamfuta mai kati matsakaici a titin Beirut na Kano. Sai aka ce masa ya dakata, RTX 4060 na tafe, farashin na hannu zai karye. Katin ya fito a ƙarshen Yunin 2023. A cikin watan ne kuma Najeriya ta saki farashin naira. Ranar 26 ga Yuli aka yi juyin mulki a Yamai, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke mana wuta a farkon Agusta. Kafin a buɗe hanyar Ɗan Barto a Maris na 2024, dalar Amurka (ba dalarmu ta tamma biyar ba) ta tashi daga wajen naira 750 a kasuwar bayan fage ta haura 1,500. Kuɗin da ya isa kwamfuta sukutum ya koma kuɗin rabinta.

Ba yaron ne ya jawo juyin mulki ba, ba kuma mai bidiyon da ya ce a jira ba. Amma da na ga ya sake ɗauko littafin da niyyar sabon jira, sai na ce bari in yi abin da malami ya iya, in koma baya in ga daga ina wannan al'ada ta jiran katin baɗi ta samo asali. Na rubuta ne domin 'yan uwana malamai da iyaye, tunda na tabbata ba a gidanmu kaɗai ake da irin wannan littafi ba.

Da farko, mene ne katin? Hoton da muke gani a allon kwamfuta ɗigo-ɗigo ne masu launi. Allo matsakaici na yau yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimla 2,073,600. Domin wasa ya tafi sumul ana so a sake zana allon gaba ɗaya sau 60 a kowane sakan, wato sai an lissafa launin ɗigo sama da miliyan 124 kafin ka ƙifta ido sau biyu. Babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta kamar ƙaƙƙarfan manomi ce, ta iya kowane aiki, amma kuyya ɗaya take bi a lokaci guda. Katin hoto kuwa gayya ce: dubban ƙananan ma'aikata, kowa aikinsa ɗan kaɗan, amma tare suke sunkuyawa tare suke miƙewa. RTX 5090 yana da irin waɗannan 'yan gayya 21,760. Wannan shi ne abin da yaranmu ke haddace lambobinsa.

Mu ma a namu zamanin mun haddace lamba. Wanda ya yi ƙuruciya a shekarun 1990 zai tuna ɗan abin wasan nan na roba mai batir biyu da ake jera tubala a ciki, wanda aka rubuta wa "9999 in 1" a goshi. Zai kuma tuna na'urar da ake haɗawa da talabijin, mai kaset ruwan ɗorawa, shi ma da alƙawarin dubban wasanni. Na tuna ranar da ni da wani abokina muka zauna a Damagaram muka ce sai mun ƙirga. Ba mu kai ashirin ba muka gane wasannin nan 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa, a sauya launi, a sauya inda ake farawa. Abin mamaki, gane hakan bai hana mu gaya wa yaran unguwa cewa namu kaset ɗin ya fi nasu yawan wasa ba. Lamba tana da daɗin faɗi ko da mai faɗin ya san ba ta cika ba.

A can inda ake ƙera kayan, labarin ya faro ne da launi huɗu. Kwamfutar IBM ta 1981 launi huɗu kacal katinta ke iya nunawa a lokaci guda a yanayin zane da aka fi amfani da shi. A 1987 aka kai 256. Sai wasan Doom ya fito a 1993, Quake a 1996, matasa suka ga ana iya shiga ɗaki a juya a leƙa lungu kamar da gaske, amma ƙwaƙwalwar kwamfuta na nishi. A 1996 ɗin wani ƙaramin kamfani na Kalifoniya mai suna 3dfx ya fitar da katin Voodoo. Rumbun ajiyarsa megabayit 4 ne, kuma bai iya komai ba sai zanen wasa, dole ka haɗa shi da kati na biyu ta wata gajerar waya. Duk da haka wanda ya ga Quake a kansa ba ya son komawa baya. Daga nan aka fara sayen kwamfuta domin kati, aka kuma fara tambayar da har yau ba a daina ba: na gaba fa, yaya zai kasance?

Tun kafin zuwan Voodoo 'yan kasuwar kwamfuta sun san tambayar nan tana da kaifi biyu. A 1983 Adam Osborne, mai kamfanin da ya yi suna da kwamfutar da ake ɗauka kamar akwati, ya fara tallar sababbin samfura tun ba su kammala ba. Dillalai suka janye hannu daga wadda ke kasuwa, kuɗi ya daina shigowa, a watan Satumba kamfanin ya durƙushe. Akwai wasu dalilan, kamar gasar Kaypro da IBM, amma sunan ya zauna: har yau idan zancen kayan gobe ya kashe cinikin kayan yau, da sunan Osborne ake kiran abin. Darasin da kamfanoni suka ɗauka shi ne su riƙa auna zancen gobe kamar gishiri a miya. A saki kaɗan domin kada ka sayi na abokin gasa, kada kuma a saki da yawa har ka ƙi sayen nasu na yanzu. Yaron da ke zaune a Matameye yana jira, wani ne ya auna masa tsawon jiran.

Idan akwai shekarar da ta fi kowace koyar da darasi a tarihin nan, 1999 ce, domin alƙawari uku aka yi a cikinta. Wani kamfani na ƙasar Finlan, Bitboys, ya sanar da katin Glaze3D da alƙaluman da suka sa mujallu da dandalin intanet suka ɗauki zafi. Aka yi ta muhawara a kansa shekara da shekaru, wasu suka fasa sayen abin da ke gabansu. Katin bai taɓa shiga kanti ba. 3dfx, sarkin kasuwa a lokacin, ya nuna Voodoo 5 6000, dogon kati mai ƙwaƙwalwa huɗu wanda saboda cin wutarsa aka tsara masa nasa abin jona wuta daban. Shi ma ba a sayar da shi ba, 'yan samfuran gwajin da suka rage yanzu masu tara kayan tarihi ke farautarsu. Na ukun shi ne Nvidia, kamfanin da Jensen Huang da Chris Malachowsky da Curtis Priem suka kafa a 1993. Shi ya fitar da GeForce 256 a ƙarshen shekarar, aka saya aka sa a kwamfuta. A Disambar 2000 3dfx ya sayar wa Nvidia kadarorinsa, sunan Voodoo ya koma tarihi. Cikin alƙawari uku, ɗaya ne ya iso hannun mai saye, kuma a watannin da ake cacar baki babu wanda zai iya rantsuwa wanne ne.

GeForce 256 na da rumbun ajiya megabayit 32. RTX 5090 na 2025 na da gigabayit 32. Lamba ɗaya ce, amma ninki dubu ne da ɗoriya a cikin shekara ashirin da biyar. Na kawo wannan ne don kada a ce ina musun ci gaba. Ci gaban gaskiya ne, kuma babba. Sai dai idan ka dube shi daga shekara zuwa shekara, tafiyarsa irin ta motar kasuwa ce: wani zubin gudu, wani zubin a tsaya gyaran taya, kuma yaron mota ba ya taɓa cewa mota ba ta da lafiya.

Wanda ya yi nasara a 1999 shi ma ya sha nasa tuntuɓen. An yi ta zuzuta GeForce FX 5800 kafin fitowarsa, ya makara, da ya iso a 2003 sai ga shi Radeon 9700 Pro na kamfanin ATI na Kanada ya riga ya kama kasuwa tun 2002, ga fankar sabon katin na ƙara har aka yi masa laƙabi da injin share ƙura. A 2009 Jensen Huang ya ɗaga wani kati a gaban taro a matsayin sabon samfurin Fermi. Masu lura suka zuba wa hotunan ido suka ga ba kati mai aiki ba ne, kwaikwayo ne, kamfanin kuma ya amsa hakan. Na gaskiyar, GTX 480, sai a Maris na 2010 ya fito, da zafi da cin wuta. A Disambar 2009 ɗin ne kuma Intel, duk da girmansa, ya soke katin Larrabee da aka shekara biyu ana cewa zai sauya komai. A 2014 aka sayar da GTX 970 a kan yana da gigabayit 4, daga baya masu saye suka gano uku da rabi ne ke gudu sosai, sauran rabin tafiyar hawainiya yake. Aka je kotu a Amurka, a 2016 aka sasanta a kan biyan dala 30 ga kowane mai saye. Kaset ɗinmu mai wasa 9999 ya samu 'yan uwa a manyan wurare.

Ga kuma inda hasashen ya yi daidai amma bai amfani mai jira ba. A Satumbar 2020 RTX 3080 ya fito a kan dala 699, kuma da gaske ya yi abin da aka ce zai yi. Mutane da yawa sun sayar da tsofaffin katunansu da araha tun kafin ranar, suna jiran sabo. Cikin 'yan mintuna ya ƙare a kantuna. Annobar korona ta tsayar da jigila, sannan masu haƙar kuɗin kirifto na Ethereum suka gano katin wasa na haƙa musu kuɗi, suka riƙa kwasa ɗari-ɗari suna jerawa a rumbuna. Farashi ya ninka, wani wurin ya fi ninki. Iyayen da suka ga yara na danna Pi da Hamster a salula sun ga ƙanƙanin reshen wannan zazzaɓi. Sai a ranar 15 ga Satumbar 2022, da Ethereum ya sauya tsarinsa ya daina buƙatar haƙa da kati, kasuwar ta sauka. Katunan da suka yi shekara biyu suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwar kayan hannu. Duk mai sayen tsohon kati a Kano ko Legas ya kamata ya san wannan, domin kati ba ya faɗin irin aikin da ya yi a baya.

Da masu haƙa suka tafi, yaranmu suka ce to yanzu kasuwa ta dawo hannun masu wasa. Ba ta dawo ba, domin wani mai saye ya riga ya shigo tun 2012. A shekarar ne wasu masu bincike uku a jami'ar Toronto, Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da malaminsu Geoffrey Hinton, suka horar da manhajar gane hotuna a kan katin wasa GTX 580 guda biyu, suka lashe gasa da tazara mai yawa. Duniya ta gane gayyar da ke zana ɗigo ita ce daidai gayyar da ƙirƙirarriyar basira ke buƙata. A shekarar kuɗin Nvidia da ta ƙare a Janairun 2025, kamfanin ya yi cinikin dala biliyan 130 da rabi. Fiye da biliyan 115 daga manyan cibiyoyin na'urori suka fito, masu wasa kuwa biliyan 11 da 'yan kai suka kawo, bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Kuma kamfani ɗaya ne a Taiwan, TSMC, ke ƙera ƙwaƙwalwar duka biyun. Mai tuya idan ta samu wanda zai saye kaskon gaba ɗaya da tsada, ba za ta rage wa mai sayen ƙosai biyu farashi ba. Shi kansa Jensen Huang ya faɗa a Satumbar 2022, lokacin da ake kukan tsadar RTX 4090 mai dala 1,599, cewa zamanin da farashin ƙwaƙwalwa ke sauka a kai a kai ya wuce. Lissafin ɗan yayata gaba ɗaya a kan wancan tsohon zamanin ya ginu.

Misali na kusa shi ne wanda har yanzu ke cikin littafinsa da jan biro. A Janairun 2025, a bajekolin CES na birnin Las Vegas, aka sanar da RTX 5070 a kan dala 549, aka ce zai yi aikin RTX 4090. Yaron ya turo mini bidiyon da tsakar dare. Da katin ya isa hannun masu gwaji masu zaman kansu a watan Maris, sai aka ga inda gizo ke saƙa. Katin yana zana hoto ɗaya na gaskiya, sannan ƙirƙirarriyar basira ta cike har uku a tsakani da hasashe. Idan ka ƙirga duka, lambar ta yi kusa da ta 4090 a wasannin da aka tsara domin hakan. Idan ka ƙirga na gaskiya kaɗai, tazarar na da faɗi, kuma abin da ya ɗara wanda ya gada ba shi da yawa. Dabarar ba banza ba ce, ido na ganin wasan ya fi santsi. Amma kunun da aka ƙara wa ruwa kwanonsa ne ke ƙaruwa, geron yana nan yadda yake.

Nan ne na fi son iyaye su tsaya, domin ko da dukkan hasashen ya tabbata, akwai lissafin da masu bidiyon ba sa yi, tunda ba a Kance ko Matameye suke zaune ba. RTX 5090 dala 1,999 aka sa masa, sama da sefa miliyan ɗaya, kafin kuɗin jirgi da na duwan da ribar dillali, kuma kati kaɗai ke nan ba kwamfuta ba. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika arba'in da biyu ne a wata. Mai wannan albashi sai ya haura shekara biyu bai ci bai sha ba. Wutar da katin ke ja wat 575 ce, kamfanin kuma ya ba da shawarar a haɗa shi da akwatin wuta mai wat 1,000. Fankar sama wajen wat 70 take ci, ke nan kati ɗaya ya kai fanka takwas. Wutarmu ta Damagaram da Maraɗi daga Katsina take shigowa ta Gazawa, kuma watannin da muka yi daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 sun nuna mana abin da hakan ke nufi. Wanda zai dogara da pano sai ya shimfiɗa da yawa, ga batura. Wanda zai dogara da gurup sai ya lissafa mai a kan kowace awa. Duk wutar da kati ya ja kuma zafi take komawa a cikin ɗaki, a garin da Afrilu ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka cikin mako kaɗan. Yaro nawa zai shigo, nawa zai biya a kan wasa ɗaya, kafin a mayar da kuɗin mai kawai?

Su kansu Turawan ba haka suke saye ba. Dandalin Steam, inda mafi yawan masu wasan kwamfuta ke sayen wasanninsu, yana fitar da ƙididdigar na'urorin mutanensa kowane wata. GTX 1060, kati matsakaici na 2016, shi ya riƙe matsayi na ɗaya shekaru da dama har zuwa ƙarshen 2022, wanda ya karɓe shi kuma GTX 1650 ne, ƙaramin kati mai araha. Manyan katunan da ake cika mana kunne da su tsiraru ne ke da su. Hayaniyar a saman tsani take, jama'a kuwa a tsakiya suke zaune. A nan gida ma haka ne. PlayStation 2 ta fito tun 2000, amma har yau akwai rumfunan da take ciyar da mai su, da faifan ƙwallon da aka yi wa kwaskwarima aka sa sababbin 'yan wasa. Yawancin yaranmu kuwa Free Fire da eFootball suke yi a Tecno da Itel. Wanda ke cin ribar jita-jitar nan take shi ne mai bidiyon da ake biya a kan yawan masu kallo, sai mai sayar da forfe. Mai bidiyo idan hasashensa ya ƙi, sabon bidiyo zai yi ya bayyana dalili, a sake kallo.

Duk da haka ban ce wa yaron ya yaga littafin ba, kuma ba zan ba iyaye shawarar su ƙwace salula ba. Da na zauna na duba shafukan da kyau, na ga abin da na sha wuya ban samu daga gare shi ba lokacin yana ajina. Yaron da ke gudun lissafin kaso cikin ɗari, ga shi ya raba farashi da yawan hoto a sakan domin ya ga wane kati ya fi riba, ya mayar da dala naira, ya mayar da naira sefa, ya karanta Turancin Ingilishi da ba wanda ya koya masa. A makarantar horon malamai ta Damagaram an nanata mana cewa a fara daga abin da yaro ya sani zuwa abin da bai sani ba, muka rubuta a jarrabawa muka wuce. Sai ga shi a zaurena. Na ari littafin na shiga da shi aji. Na rubuta wat 575 a allo, na ce a nemo mini fanka nawa ne, ƙwan lantarki mai wat 10 nawa ne, idan aka kunna awa shida wuta nawa aka ci. Har 'yan bayan aji suka ɗaga hannu. Na rubuta "ya ninka sauri" na tambaye su: ya ninka wa? A wane wasa? Wa ya auna, mai sayarwa ko mai saye? Wata yarinya ta ce ai kamar mai rake ne, ba ya taɓa cewa rakensa lami ne.

Malaman kolej ma suna da ƙofa a nan. Nvidia na sa wa zuriyar katunansa sunayen masana: Kepler, Maxwell, Pascal, Volta, Turing, Ampère, Ada Lovelace. Rabinsu suna cikin littafin kimiyyar da yaranmu ke hamma a kansa. Zuriyar 2025 sunan David Blackwell aka ba ta, masanin lissafi baƙar fata na Amurka, wanda a 1965 ya zama baƙar fata na farko da aka zaɓa cikin majalisar masana kimiyya ta ƙasar, kuma fanninsa shi ne lissafin yiwuwa da yanke shawara a kan abin da ba a tabbatar ba. Yaron ya shekara yana furta sunan bai san mutum ba ne. Da na gaya masa sai ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, ashe shi ya kamata in tambaya tun 2023."

Bayan kakar rake da ta wuce ya bi motar Daura ya shiga Kano. Ya dawo da tsohuwar kwamfuta mai katin GTX 1660, wanda ya fito tun 2019 kuma wat 120 yake ci, da hannun wasa biyu da allo ɗaya. Kafin ya biya sai da ya sa mai kantin ya kunna wasa aka bar shi awa guda yana gudu, shi kuma yana taɓa bayan akwatin yana jin zafi. Ya ƙara pano ɗaya a kan na rumfar caji, ya ɗinka wa kwamfutar riga da tsohon zanen uwarsa saboda ƙura. Da la'asar idan na biyo ta tasha nakan tarar da yara biyar ko shida a kan benci suna jiran layi, ana ta gardamar Barcelona da Real Madrid. Ranar nan na leƙa littafin a kan teburinsa. Shafukan gaba yanzu lissafin shiga da fita ne, da sunayen masu bashi. A shafin ƙarshe kuwa ya ja sababbin layuka, ya rubuta 6060 da 6070 a sama, gurbin farashi da na sauri duk fayau, ya sa alamar tambaya da fensir.